Shaidar Magagarin Gimo

Gimo Sandramo yana da shekara saba'in da uku, kuma shi ne maƙerin Matsinde. Fartanya yake ƙerawa da gatari da bakin garma, idan an kawo keke ma ya gyara. Kafin ya kama wannan sana'a ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran bindigogi, da farko a daji lokacin yaƙin korar Turawan Fotugal daga Mozambik, daga baya a barikin gunduma lokacin da 'yan ƙasa suka juya wa juna bakin bindiga. Muƙaminsa bai wuce kofur ba. Ya ce a iya saninsa bai taɓa harbin mutum ba. Aikinsa shi ne kada bindigar wani ta ƙi tashi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyu suna aiki a tashar jiragen ruwa ta Beira. Yayarsa Rufina ce ke ciyar da shi. Gidanta yana tsallaken hanya, kuma kullum idan rana ta take sai ta ƙetaro da kwanon tuwon masara da miyar ganyen kabewa, ta ajiye a kan kututturen da ke bakin maƙera, ta faɗa masa cewa tsumman goge tukunyarta ya fi rigarsa tsabta, ta koma. Ba ya tanka mata. Ita ta goye shi yana jariri.

Duk abin da ya fito daga maƙerarsa yana da shaida: zane uku na magagari, biyu a tsaye, ɗaya a karkace. Babu gidan da ba a samun wannan shaida a Matsinde. Idan fartanya ta ɓata a gona aka tsince ta, ita ake fara dubawa.

A garin, duk gajeriyar bindiga mai huji-huji a jikin bututunta sunanta pepesha. Sunan daga bakin Rashawa ya fito, ya lanƙwashe a bakin mayaƙa, ya zauna. Gimo bai taɓa yarda da wannan jam'i ba. Na daɗe ina zama a bakin maƙerarsa, kuma na sha jin bayanin, domin duk wanda ya ambaci pepesha a gabansa sai ya ji shi.

Ainihin pepesha, in ji shi, ita ce ta Rasha mai ƙotar itace, wadda ke ɗaukar gidan harsashi zagayayye da mayaƙa ke kira faranti, mai cin harsashi saba'in da ɗaya. Sinawa sun kwaikwaye ta kusan ƙusa da ƙusa, sai dai tasu ta fi shiri da gidan harsashi dogo mai lanƙwasa. Akwai kuma wadda mutanen Biyetnam suka rage wa riga, suka cire ƙotar itacen suka sa ta waya. Guda biyu kacal ya taɓa gani. Wanda ya kalle ta zai rantse wata bindiga ce daban, amma idan aka buɗe cikinta ita ce dai. Waɗannan ukun yake kira 'yan uba ɗaya.

Sannan akwai ta huɗu, ita ma daga Rasha, kuma Sinawa sun yi tasu. Ƙarfe ce kusan gaba ɗaya, ƙotarta tana naɗewa ta kwanta a bayanta, ita ma da huji-hujin, kuma harsashi iri ɗaya suke ci da sauran. Amma wani mutum daban ya tsara ta, cikinta daban, bakin da gidan harsashi ke shiga daban, ba ta karɓar faranti ko kaɗan. Muryarsu ma ba ɗaya ba ce. Mai ƙotar itace idan ta kama kamar ana yaga sabon zane, kunne ba ya raba harbi da harbi. Mai naɗewa kuwa a hankali take magana, mutum zai iya bin ƙirgenta.

"Maƙwabciya ce, ba 'yar gida ba," haka yake cewa. "Tuwonsu ɗaya, shi ke nan. Ni ma ina cin tuwo da Tauzene. Ya zama ɗan babana?"

Tauzene Mabuleza ya girme shi da shekara ɗaya ko biyu a fuska, amma a shekarun haihuwa Gimo ne babba nesa ba kusa ba. Daji ya tsufar da shi. 'Yan tawaye, waɗanda a nan ake ce wa mutanen daji, sun kama shi a gona yana saurayi, suka ɗora masa kaya, daga baya suka ba shi bindiga. Da aka yi sulhu ya dawo, aka kai shi bakin kogin Pungwe tare da sauran waɗanda suka dawo daga ɓangarorin biyu, aka wanke su da saiwoyi, aka ƙone tufafinsu, aka ce kowa ya rufe bakinsa a kan abin da ya gani da abin da ya yi. Ya rufe. Ya yi aure, ya gaji gonar ubansa ta fadama, ya haifi 'ya'ya bakwai. Yawancin yammaci yana bakin maƙerar Gimo yana ja masa zugazugi ba tare da an sa shi ba.

"Kofur, wannan fartanyar taka ba ta yanka ko ganyen rogo," yakan ce.

"Hannun ɗan daji ne bai iya noma ba. Kun saba cin na mutane."

"Ku kuma na bariki kun saba cin na gwamnati, har ta talauce."

Iyakar maganar yaƙin da ke shiga tsakaninsu ke nan.

Rufina ba ta gaisawa da Tauzene. Idan ta kawo tuwo ta tarar da shi, sai ta ajiye kwanon ta juya, ranar ko zagin rigar ba a samu.

Dalilin yana cikin shekarar 1987. A lokacin gidan mijinta, Alfinete, yana can gefen gari kusa da kogi. Wata safiya ta tafi ɗebo ruwa. Tana cika tulu ta ji harbi daga wajen gida. Ta kwanta cikin ciyawa har rana ta ɗaga, sannan ta rarrafo. Ta tarar da mijinta a bakin rumbu, 'ya'yanta maza biyu a ƙofar ɗaki, babban bai kai shekara sha bakwai ba. Babu wanda ya ga maharan. A zamanin nan kowa da tsummansa yake yaƙi, ba a gane ɓangare da tufafi. 'Yan sintirin gari, wato matasan da gwamnati ta ba bindigogi su tsare ƙauye, suka zo daga baya suka ce mutanen daji ne. Wata mata kuma ta ce a makon nan ta hango Tauzene a tsallaken kogi da bindiga a kafaɗa. Ba a ƙara bincike ba. Gimo yana bariki, sai bayan an yi makoki ya samu izinin zuwa.

A Matsinde an yi imani cewa kurwar wanda aka kashe ba da hakkinsa ba ba ta kwanciya sai gidan da jinin ke kansa ya amsa. Amsawar ita ce a gina mata ɗan ɗaki a tsakar gidan mai laifi, a riƙa share shi, a dafa mata giya duk shekara, a kuma miƙa wa dangin mamaci gonar da ta fi kyau. Gidan da aka gina wa irin wannan ɗaki ba a neman aure a cikinsa, ba a kuma ba shi. Muddin ba a san gidan ba, kurwar kan nata take komawa. Rufina ta binne jikoki biyu, 'yarta ɗaya da ta rage kuma ta daɗe a kwance da ciwon da asibitin Chimoio bai gano ba. Ita ta san dalili, shaida ce kawai ba ta da ita.

A farkon daminar bana babban ɗan Tauzene yana huɗa da shanu a gonar fadama, garma ta kama wani abu. Bindiga ce, an shafe ta da baƙin mai an naɗe cikin tsohuwar robar taya. Tauzene bai yi gardama ba. Ya ce tasa ce, shi ya binne ta lokacin sulhu domin bai yarda sulhun zai ɗore ba, daga baya ambaliya ta sauya fuskar gonar ya kasa gane wurin. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa an tono pepesha a gonar Tauzene.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne. An saba a kai wa mai gari, a kira 'yan sanda daga gunduma, a yanka ta a gabansu. Amma washegari da safe Rufina ta je gidan mai gari, Sekuru Dzimba, ɗauke da tukunyar ƙasa da aka toshe bakinta da laka. Ta fasa a gabansa. A ciki, naɗe cikin tsohon zane, akwai faranti. Ta ce a tsakar gidanta ta tsince shi a ranar da aka kashe mijinta da 'ya'yanta, babu harsashi ko ɗaya a ciki, kusa da ƙafar ƙaramin ɗanta. Ta ɓoye shi daga kowa, har da Gimo, domin shi soja ne a lokacin, da ya gani sai ya karɓe ya mayar bariki. Ta ce ga farantin pepesha, ga pepesha. A haɗa su a gaban jama'a kafin 'yan sanda su zo.

Aka taru a gindin mangwaron gidan mai gari da hantsi. An shimfiɗa buhu a ƙasa, bindigar a gefe ɗaya, farantin a gefe ɗaya. Tauzene yana zaune a ƙasa da 'ya'yansa maza a bayansa. Biyu daga cikin 'ya'yansa mata an riga an kai musu gaisuwar aure. Aka aika wa Gimo, ya zo da kwalbar kananzir da tsumma.

Tun daga nesa ya gane ta. Ya ɗaga bindigar, ya buɗe ƙotar ƙarfen da ƙyar, ya mayar.

"Sekuru, wannan ba pepesha ba ce."

Aka yi ta guna-guni. Wani daga baya ya ce, "To, Kofur ya fara karatun nasa. A kawo mana tabarma."

"Ga huji-hujin nan muna gani, Gimo," in ji mai gari. "Ko idona ne ya lalace?"

"Idonka lafiya lau, Sekuru. Huji ne don ƙarfe ya sha iska, kowa na iya hudawa. Wannan mai naɗewa ce, ƙirar Sin. Ba ta cin faranti."

"Sa mu gani," in ji Rufina.

Ya ɗauki farantin ya kai bakin. Bakin dogo ne, matsattse, an yi shi don gidan harsashi mai tsawo. Farantin ko kusa bai shiga ba. Ya miƙa wa mai gari ya gwada, sannan wani dattijo. Ba ya shiga.

"Yaya, ranar nan da kike bakin kogi, yaya ƙarar take? Kin iya ƙirgawa?"

"Wa ke ƙirga mutuwar 'ya'yansa? Kamar an yaga zane, sau biyu. Shi ke nan."

"Wannan ba ta yin haka."

Rufina ta dube shi daga sama har ƙasa. "Auta, abokin hirarka kake wankewa. Shi ke ja maka zugazugi, ni kuwa tuwo kawai nake kawowa."

"Harsashinsu ɗaya ko ba ɗaya ba?" wani ya tambaya.

"Ɗaya ne."

"To ai shi ke nan. Mutumin da ya binne bindiga ɗaya, me zai hana ya riƙe biyu? Wa ya san abin da ke sauran gonar?"

Jama'a suka amsa da cewa haka ne. Mai gari ya gyaɗa kai. Tauzene bai ɗago ba. Duk wanda ya san zaman gindin mangwaron nan ya san inda maganar ta nufa: bindigar ba ta tabbatar ba, amma ta tuna wa mutane, kuma an daɗe ana neman gidan da za a ɗora wa.

Gimo yana tsugune, farantin a cinyarsa. Hannunsa ba ya iya riƙe ƙarfe mai tsatsa ya ƙyale, tun ana magana yake zuba kananzir yana gogewa. Ina kusa da shi. Na ga lokacin da tsumman ya tsaya. Ya ɗora babban yatsansa a wani wuri a bayan murfin, ya daɗe bai ɗaga ba.

Sai an san halin faranti kafin a gane abin da ya gani. Ba kowane faranti ke zama daidai a kowace pepesha ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su. A can inda aka ƙera su kowace bindiga da farantanta ake haɗo ta, amma kafin akwatuna su iso Afirka an cakuɗa komai. Farantin da bai zauna ba yakan cije a tsakiyar harbi. Don haka Gimo yakan ɗauki kowanne ya goge leɓensa da magagari kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har ya shiga da ƙara ɗaya. Wanda ya gama sai ya yi masa shaidarsa. A shekarun yaƙin na biyu sojoji sun koma sababbin bindigogi, aka fito da tsofaffin pepesha daga sito ana raba wa 'yan sintirin ƙauyuka. Don kada kayan wani gari su shiga na wani, yakan ƙara ɗigo da ƙusa a gefen shaidar, kowane gari da yawan nasa. Matsinde garinsu ne, shi ya ba ta ɗigo ɗaya.

Ya ɗaga yatsan. Ya tashi ya je gaban Rufina ya durƙusa, ya ajiye farantin a kan zanenta.

"Yaya, duba nan."

Ta kai shi kusa da idonta. Zane biyu a tsaye, ɗaya a karkace, ɗigo ɗaya. Shaidar da ke jikin fartanyarta ce, da wuƙar girkinta. Aka riƙa miƙa farantin hannu zuwa hannu, babu wanda ya buƙaci a yi masa bayanin zanen.

"Bindiga tana sauya hannu a yaƙi," in ji mai gari a hankali. "Mutanen daji sun sha ƙwace na gwamnati."

"Suna ƙwacewa, Sekuru. Amma na 'yan sintirin Matsinde ba su kai wata ɗaya da fitowa daga hannuna ba lokacin da aka kashe su Alfinete, kuma ba a rasa ko ɗaya ba. Ni ke dubawa. Faranti ɗaya aka rasa. Bayan makoki wani daga cikin 'yan sintiri ya same ni a bariki ya ce nasa ya faɗa kogi. Na goge masa wani."

"Ba ka tambaye shi ba?" in ji Rufina.

"Ban tambaya ba. Kullum ana yar da faranti."

"Wane ne?"

"Fulede. Ɗan Joaquina mai gishiri."

Dattawan suka kalli juna. Sun tuna Fulede, sun kuma tuna cewa a shekarar nan 'yan sintiri sun yi ta zargin gidajen bakin kogi da ba mutanen daji abinci. Fulede ya taka nakiya kafin a yi sulhu. Bai yi aure ba. Uwarsa baƙuwa ce daga arewa, ta mutu a sansanin 'yan gudun hijira. Inda gidansu yake yanzu filin ƙwallon makaranta ne.

Mai gari ya yanke cewa babu jini a kan gidan Tauzene a wannan magana, kuma za a miƙa bindigarsa ga 'yan sanda kamar yadda aka saba. Game da Fulede ya ce babu gidan da za a nema, sai a bar wa Allah. Tauzene ya tafa hannu sau uku don girmamawa, ya tashi.

Rufina ta naɗe farantin cikin zanensa. Ta miƙe da taimakon sanda.

"Babu gida, in ji Sekuru," ta ce, ba mai gari take kallo ba. "To kurwar Alfinete a filin ƙwallo za ta kwana? Da farantin nan ya cije, da ko ƙaramin ya samu ya tsallake danga. Amma ba ya cijewa. Ƙanena gwani ne."



'Yan sanda sun zo bayan kwana biyu. Gimo ne ya yanka bindigar Tauzene gida uku da zarto a gabansu, kamar yadda ya saba yi wa duk wadda aka tono. Sun nemi farantin, Rufina ta ce ba ta san inda ta ajiye ba, su kuma ba su matsa wa tsohuwa ba.

Tun ranar taron Rufina ba ta ƙetaro hanya ba. Kututturen bakin maƙera babu kwano a kansa. Matar Tauzene ta aiko da tuwo sau biyu, Gimo ya mayar da shi da godiya, ya ce yana dafa rogo. Dattawa sun same shi sun ce al'ada ba ta ɗora jini a kan maƙeri, in ba haka ba duk wanda aka sara da gatari gidansa za a zo. Limamin cocinsu ma ya faɗa masa haka da wasu kalmomin. 'Ya'yansa sun bugo waya daga Beira, babban ya tuna masa cewa shi ma yana da 'ya'ya mata, kuma ya san abin da ɗan ɗakin nan ke jawo wa gida. Gimo ya saurari kowa.

Na tambaye shi ko ya yi tunanin barin yatsansa a kan shaidar.

"Na yi," ya ce. "Amma da na bari, da yanzu ana gina ɗakin a gidan Tauzene. Mai naɗewa ba ta cin faranti."

Na ce ai shi ma ba shi ya harba ba.

"Ban harba ba. Amma Yaya tana da 'ya a kwance, kuma sai an gina shi a wani gida. Na Fulede babu."

Gona ɗaya gare shi, ƙarama, a bayan maƙabarta. Ya je wurin mai gari ya ce a shaida ya bar wa Rufina. Ba ta ce ta karɓa ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ranar Talatar da ta wuce ya rufe maƙera, ya ɗauki gatari ya shiga daji. Tauzene ya bi shi ba tare da an kira shi ba, suka dawo da itatuwa a kafaɗa, ba su yi wa juna ba'a ba. Jiya da safe Gimo ya zana da'ira a tsakar gidansa, tsakanin maƙera da ɗakin kwanansa, inda za a iya hango ta daga tsallaken hanya, ya fara haƙa ramukan ginshiƙai.